Ashe Haka Shuɗi Yake

Ranar da na tabbatar idona ya tafi, wake nake tsincewa. Ina zaune a bakin ƙofar ɗakina bayan la'asar, faifai a cinya, na gama tsaf a ganina, na miƙa wa matar ɗana ta ɗora. Yarinyar ta karɓa da hannu biyu, ta koma bakin murhu ta juya mini baya. Can sai na ji tsakuwa tana faɗuwa a siminti, ɗaya bayan ɗaya. Ashe sake tsincewa take yi a ɓoye don kada in ji nauyi. Na ƙirga har bakwai. Ban ce mata komai ba, ita ma ba ta ce ba. Daren nan yadda na ga rana haka na ga dare.

Ni marubuciya ce. Wasunku sun karanta littattafaina lokacin da ake fitar da su kashi-kashi, na ɗaya da na biyu da na uku, a rumfunan Bata da cikin kasuwar Sabon Gari. Wasu kuma a rediyo suka ji ana karantawa suna wanke-wanke. Fiye da shekara biyu ba a ji ɗuriyata ba, har wata baiwar Allah daga Maraɗi ta yi ta cigiya ta samo lambar 'yata, ta kira tana tambaya ko rasuwa na yi ba a sanar ba. Ina nan da raina, alhamdulillahi. Ita da sauran masu tambaya nake ba wannan labari, kuma ina ba da shi ne don shaida abin da Allah ya yi mini.

A cikin birnin Kano aka haife ni, a gindin Dala. Ina aji biyar na firamare aka cire ni aka yi mini aure, yadda aka yi wa yawancin sa'o'ina. Abin da ya mayar da ni gaban allo shi ne ajin matan aure na Hukumar Ilimin Manya, wadda gwamnatin Abubakar Rimi ta kafa a 1980. Malam, Allah ya jiƙansa da rahama, shi da kansa yake kai ni a bayan Vespa, duk da surutun da 'yan uwansa suke yi cewa ya sakar wa mace linzami. Daga nan na kamu da karatu, kamun da ba ya saki. Takardar da aka ƙunso mini ƙosai a ciki ma sai na warware ta na karanta. Daga baya na fara rubuta nawa a littafin makaranta mai shafi 80, da biro, a gaban fitilar ƙwai, bayan yara sun yi barci. Littafina na farko ya fito a 1994.

A shekarun nan duka manyan abubuwa nake bi. A labaraina in ba kishiya aka yi ba to saki aka yi, in ba haɗari aka yi a hanyar Zariya ba to gado ake cinyewa. Haka kasuwar take so. Ɗan kasuwa zai ce miki, "Hajiya, ki tsaya a inda dole sai an nemi na biyu." Ni ma na ƙware a kan haka, kuma ba na raina wannan aiki, don da shi na aurar da 'ya'ya, da shi na sauke farali. Mata da yawa a cikin kulle da littattafanmu suka koyi haɗa baƙi, wannan kuwa ba wanda ya isa ya ƙwace mana shi. Amma ban taɓa zaunar da mace a shafi ta sha koko cikin natsuwa ba. Kullum a guje take, ko tana kuka ko tana shirin ramuwa. Ni ma a gujen nake.

A 2016 aka ce ina da ciwon suga. Malam ya rasu a 2018. Bayan haka ne ganina ya fara yin wani iri, kamar hazon da ba ya washewa ko da damina. Da dare in na kalli fitilar mota sai in ga ta yi wani kewaye kamar wata ya yi lema. Da rana kuma haske ya dinga kashe mini ido. Na canza tabarau sau biyu. Na ce hunturu ne, na ce tsufa ne, na ce kukan takaba ne bai sake ni ba. Na sayi maganin ɗigawa a kemis, na ranbaɗa tozali, har zuma an ce in gwada. Wata maƙwabciya, da kyakkyawar niyya, ta kawo mini wani mutum mai yawo da jaka, ya duba ni a zaure ya ce yana ce, kuma zai kwantar mini da ita da wani ɗan ƙarfe a nan take in tashi ina gani. Wallahi saura kaɗan in yarda, saboda kalmar "aiki a ido" ta fi komai ba ni tsoro. 'Yata ta biyu ce ta zo ta tsaya kai da fata, ta ce sai dai a bi ta kanta.

Da muka je asibitin ido likita ya yi mini bayanin da nake so kowa ya ji. Ya ce a cikin ido akwai wata 'yar ƙwaya garai-garai da haske ke ratsawa, ita ce take dushewa ta zama abin da muke kira yana. Shekaru ne kan gaba wajen kawo ta, amma ciwon suga yana gaggauta ta. Ya ce ba wani maganin ɗigawa da ke narkar da ita, kuma ita ce ta fi kowace cuta makantar da mutane a duniya, alhali kuwa tana da magani. Abin da masu yawo da jaka suke yi shi ne su tura ƙwayar ta faɗa can cikin ido su bar ta. Mutum ya ga haske na ɗan lokaci ya yi murna, daga baya ciwo ya biyo, sau da yawa idon ya mutu ɗungurungum. A asibiti kuwa ciro ta ake yi a sa ta roba a madadinta. Ya auna ƙarfin idon ya ce ba ni da hawan jinin ido, ya duba can ciki gwargwadon abin da yanar ta bari ya gani. Sannan ya ce ba zai taɓa ni ba sai sugana ya sauka.

Nan aka shiga jira. Suga ya ƙi sauka, don ni ma ban riƙi dokar da gaske ba sai daga baya. Da ya fara sauka sai ga wahalar canjin kuɗi ta farkon 2023, kowa na neman na cefane. Kafin a farfaɗo aka cire tallafin mai a watan Mayu, komai ya tashi. Abin da 'ya'yana suka tara aka yi ta gutsura. Sama da shekara guda na yi ban karanta ko layi ɗaya ba.

Ba zan ɓoye ba, na shiga wani hali. Wanda bai saba da karatu ba ba zai gane ba. Na daina zuwa biki da suna saboda mutum zai gaishe ni in kasa gane shi sai ya yi magana mai tsawo, har aka fara cewa na yi girman kai. Na daina taɓa waya. Sai in wuni a ɗaki, labule a sake, ina jan carbi amma zuciyata ba ta wurin. Akwatin littattafaina yana ƙarƙashin gado, ina jin sa kamar kabari. Akwai ranar da na ce wa Ubangiji, cikin kuka, in dai ba zan ƙara karatu ba to me ya rage mini. Na yi istigfari daga baya, kuma har yau ina yi.

Babban ɗana, wanda ba na faɗin sunansa, shi ya ga abin ya yi yawa ya turo mini 'yarsa ta zauna da ni. Shekararta 14 a lokacin. Kishiyata nake ce mata, kamar yadda kowace kaka ke ce wa jikarta, ita kuma ta ce ai tun da Malam ya tafi ba abin da za mu yi kishi a kai sai maficin ɗaki. Yarinya ce mai surutu da ƙiriniya, kuma na ɗauka za ta ƙara mini ciwon kai ne.

Wani dare an ɗauke wuta, zafi ya hana barci, muna kwance a tsakar gida. Ta shiga neman abin yi ta jawo akwatin nan. Na ji ƙarar murfinsa na ce ta mayar. Ba ta mayar ba. Ta fito da wani tsohon littafi da bangonsa ya cire, ta haska 'yar fitilar sola ta fara karantawa da ƙarfi, tana tuntuɓe. Layi biyu ta yi na gane Magana Jari Ce ce, kofin da Malam ya saya mini tun ina ajin matan aure.

"Kaka, mene ne lifidi?"

Na ce rigar yaƙi ce ta auduga mai kauri da ake sa wa doki da mahayinsa, kibiya ba ta huda ta da sauƙi.

"Zagi kuma fa? Ba zagin mutum ba?"

Na ce a'a, wannan mai tafiya gaban dokin sarki ne. Ki ja wasalin daidai, ma'anar ta canza.

Ta sake faɗa, ta yi dariya, ta ci gaba. Ba mu kwanta ba sai da ladan ya yi kiran farko.

Na karanta littafin nan ya fi sau goma da idona, amma sai a bakin yarinyar nan na ji shi. Abubakar Imam, mutumin Kagara, ya rubuta shi a Zariya, juzu'i uku da suka fito a ƙarshen shekarun 1930, kafin ya zama editan Gaskiya Ta Fi Kwabo a 1939. Da yawa daga labaran daga littattafan Larabawa da na Indiya da na Turawa ya ɗebo su, ya yi musu wanka ya sa musu riga da hula. Wannan duk na sani tun da. Abin da ban sani ba shi ne don kunne ya gina jimlolinsa. Inda mai karatu zai buƙaci numfashi, nan jimlar take tsayawa. Yarinyar da ke tuntuɓe a littafin makaranta sai ga ta tana gudu a nasa, har tana canza murya in aku zai yi magana. Ido yana tsallake abu, yana gaggawar ya ga ƙarshe. Kunne ba shi da wannan dama, dole ya bi kalma ɗaya bayan ɗaya. Wata uku muka yi muna bin juzu'an nan, kullum bayan isha'i, in ta gama aikin makaranta.

A cikin watannin nan ne na fara lura da safiya. Da can in na idar da asuba sai in hau rubutu ko in koma barci. Yanzu da ba abin yi sai na zauna kan darduma ina saurare. Masallatai uku ne ke kewaye da mu, kuma ba sa tayar da salla tare, na kusa da rijiya kullum shi ne na ƙarshe. Bayan su sai tsintsiyar matar ɗana, tana farawa daga bakin zaure. Sai tattabarun yaron maƙwabta su sauko kan kwanon ɗakina, ƙafafunsu kamar ana watsa gero. Sai ƙamshin man ƙosai ya shigo ta saman katanga, ka san mai suyar bakin layi ta zuba kaskon farko. Duk shekarun da na yi a gidan nan abubuwan nan suna faruwa, ni ce ba na nan.

Likita ya hana ni sukari, don haka koko ma gaya nake sha, rabin kofi. Kwanakin farko kamar magani. Daga baya harshena ya buɗe, na fara jin geron kansa, da citta, da kanumfari, da ɗan yajin da ke zuwa a ƙarshe ya tsaya a maƙogwaro. Ashe shekara da shekaru sukari nake sha ba koko ba. Har na kai ina gane ranar da aka canza mai niƙa. Kwaɗon zogale da ƙuli ya zama abincin ranata, in an samu tumatir mai kyau a yanka a kai. Ran Juma'a kuma ana ba ni ɗan yankin gurasa bandashe, wanda bai fi tafin hannu ba, in yi ta lallaɓa shi kamar yaro da alewa. Ranar da aka yi ruwan farko na waccan shekara na sa aka fitar mini da kujera bakin baranda. Ban ga hadarin ba, amma na ji iska ta juya, na ji awaki suna neman mafaka, sannan ƙamshin ƙasa ya tashi. Na zauna har feshin ya jiƙa mini zani, kishiyata tana ta faɗa wai zan yi mura.

Akwai wata makauniya da ke zuwa layinmu duk Juma'a da ɗan jagoranta, tana waƙar bara. Ta fi shekara goma tana zuwa. Abin da na saba shi ne in ba yaro sadaka ya kai mata zaure, ban taɓa tsayawa na ji me take cewa ba. Wata Juma'a ina zaune shiru sai baitin ya shigo kunnena sosai, na gane Imfiraji take rerawa. Na ce a shigo da ita. Aka shimfiɗa mata tabarma, aka kawo ruwa. Na ce, "Iya, ki yi mini daga farko." Ta yi shiru, ta ce rabon da wani ya ce ta yi daga farko har ta manta. Sannan ta gyara zama ta fara, muryarta ta sauka daga ta bara ta koma wata iri, mai sanyi. Na yi kuka har na gode Allah.

Aliyu Namangi na Zariya, mai waƙar, makaho ne tun yana ƙaramin yaro. Da ka ya tsara ta, da baki ya fitar, wasu suka rubuta, kuma har ya rasu a 1990 makafi da masu ido suna haddace ta. Na san wannan a matsayin labari, irin abin da ake faɗa a taron marubuta. Ranar nan ne ya zame mini magana da ni ake. Da na gaya wa Iya halin da nake ciki, ta ce, "Hajiya, ke naki mai warkewa ne, baƙunta kika zo yi garinmu. To ki buɗe kunne kafin ki koma, don in kin koma mantawa za ki yi." Ita ta koya mini gane mutum da takunsa. Ta ce kowa da yadda yake jan silifa. Cikin mako biyu ina gane duk 'yan gidan tun daga zaure, har da wanda ya dawo da ɓacin rai.

Washegarin ranar da Iya ta fara shigowa na ce wa kishiyata ta kawo wayarta, zan faɗi labari ta ɗauka. Da farko abin ya ƙi. Hannuna ne ya saba tunani, bakina bai saba ba. Ga kuma kunya, don irin labaran da na saba rubutawa ba zan iya buɗe baki in faɗe su a gaban 'yar ɗana ba. Wannan kunya ita ta raba ni da tsohuwar hanya. Na rasa abin da zan faɗa sai abin da na sani da gaske, sai na fara ba da labarin wata mata a cikin takaba, wata huɗu da kwana goma a gida ɗaya, ba kwalliya ba fita sai da lalura. Ba kishiya, ba boka, ba haɗarin mota. Mace ce kawai da ɗakin mijinta a rufe, da butarsa da ba wanda ya iya ɗaukewa daga inda ya ajiye ta, da masu zuwa gaisuwa da suke raguwa kullum har a wayi gari ba kowa.

Ina faɗa tana ɗauka, da rana ta buga a waya, da dare ta karanta mini. Nan na sha mamaki. Ta karanto wata magana da na sa a bakin ƙanwar mijin, sai ta tsaya.

"Kaka, wa yake magana haka?"

Na ce kamar yaya.

"Kamar mai wa'azi a rediyo. Gwaggo in ta zo nan ba haka take cewa ba. Cewa take, 'Yaya, ai sai haƙuri,' ta yi shiru ta kama tsifar kan wani."

Gaskiyarta. Na sa ta goge shafi biyu, muka bar kalma huɗu da tsifar kai. Littafi sama da 20 na rubuta ba wanda ya taɓa gaya mini haka, don ba wanda ya taɓa karanta mini su da ƙarfi ina ji.

A 2024 suga ya daidaita, kuɗi suka haɗu, aka sa rana. Idon dama aka fara. Abin da na shekara ina tsoro bai kai rabin sa'a ba. Ba a sa ni barci ba, allura aka yi a kashe wurin, aka rufe mini fuska da ƙyalle, ina jin likita yana magana da ma'aikatansa ƙasa-ƙasa, ni kuma ina ta Hasbunallahu. Aka naɗe idon aka ce in dawo da safe.

Da aka cire bandejin, abin da na fara gani hijabin ma'aikaciyar jinya ne. Shuɗi ne. Na ƙura masa ido har ta tsargu ta ce, "Mama, lafiya?" Na ce, 'yar nan, wannan wane irin launi ne? Ta ce shuɗi ne mana, irin na kowa. Likita ya yi murmushi ya ce da yawa haka suke faɗa. Ƙwayar da ta tsufa rawaya take komawa, sai ta dinga tare shuɗi tana rage shi, a hankali yadda mutum ba zai lura ba. Wato tun kafin in san ina da yana, na yi shekaru ina kallon duniya ta cikin ruwan shayi. Na juya na ga kishiyata a bakin ƙofa. Ta yi tsawo, ƙuraje sun feso mata a goshi, kuma hancin Malam ne sak a fuskarta. Rabona da ganin fuskar nan sosai tun tana 'yar firamare.

An kafa mini dokoki: kada ruwa ya shiga, kada in sunkuya in ɗauki abu mai nauyi, in nisanci hayaƙi da ƙura, in ɗiga magani a kan lokaci har makonni. Na bi su kamar karatun allo. Da lokaci ya yi aka gwada ni aka ba ni tabarau na karatu. Alƙur'anina mai manyan baƙaƙe na fara buɗewa, bugun warshu irin wanda muka tashi da shi, na karanta Wal-Duha da idona. Ba zan iya kwatanta wannan ba, kuma ba zan gwada ba.

Fitata ta farko da ba ta asibiti ba, na ce a kai ni marinar Ƙofar Mata. 'Ya'yana suka yi ta mamaki, mutum ya tashi a Kano ya tsufa ya ce zai je kallon karofi kamar baƙo. Muka hau Adaidaita ni da kishiyata. Na wuce wurin nan ya fi sau dubu ban taɓa shiga ba. Wani dattijo yana zaune a bakin rami, hannuwansa sun rine har gwiwa, yana tsoma ƙyalle yana ɗagawa. Baba da toka da kanwa ne a ruwan, in ji shi, sai sun kwana da kwanaki suna tsima kafin su kama. Abin da ya tsayar da ni shi ne ƙyallen ba shuɗi yake fitowa ba. Kore-kore yake fitowa, sai iska ta buge shi, a gaban idonka ya juye ya zama shuɗi. Ya mayar, ya ɗago, ya ƙara duhu. Na ce ya sake. Ya sake. Can gefe ana jin masu bugu suna dukan yadi a kan gungume don ya yi ƙyalli, irin ƙyallin rawanin da Buzaye ke so. Na sayi ɗan ƙyalle guda, yana nan a kan matashina, in na farka shi nake fara kallo.

Tun da na dawo karatu ban huta ba. Yaran marubuta na yanzu suna turo mini labaransu ta WhatsApp, wasu a Wattpad suke sakawa, wasu kuma sun shiga gasar Hikayata da BBC Hausa ta fara a 2016. Ina ƙara girman rubutun wayar in bi su a hankali. Suna da ƙarfin halin da mu ba mu yi ba. Na karanta labarin wata yarinya daga Zamfara a kan matar da aka sako daga hannun masu garkuwa ta dawo gidan miji, kowa yana kallonta ba mai tambayarta. Kwana biyu labarin bai bar ni ba. Inda nake da magana da su shi ne gaggawa. Ana rubuta shafi da dare a sake shi da asuba saboda masu biya suna jira, ba a sake dubawa. Ba a sa ƙugiya a baƙi, sai mutum ya rasa ko kafa ake nufi ko ƙafa. Turanci kuma ya cika bakin mutanen da a zahiri ba sa yin sa. Duk wadda ta nemi shawarata abu guda nake ce mata, ta samu ƙanwa ko 'ya ta karanta mata abin da ta rubuta da ƙarfi, ita kuma ta rufe ido.

Labarin da masu tambaya ke jira shi ne littafin ya kammala. Guda ɗaya ne, ba na biyu ba na uku. Na je Sabon Gari na tarar da yawa daga rumfunan da muka sani sun koma sayar da wasu kaya, takarda kuma ta yi tsadar da ba a magana. Don haka kofi kaɗan za mu buga, sauran kuma da muryata zan karanta a ɗauka, saboda matan da ba su yi boko ba da waɗanda idonsu ya yi irin nawa. Sunan kishiyata zai fito a shafin farko, ta ci wannan. Ta shiga babbar sakandare yanzu, ta koma gidan ubanta, sai ƙarshen mako take zuwa. Idon hagu kuma an sa mini rana bayan Salla, ina roƙon addu'arku. Wanda duk yake da tsoho a gida da ke cewa hazo yake gani, don Allah a kai shi asibiti, kada a bari mai jaka ya riga ku.

Da an so da tuni yana wurin masu bugawa. Iya ce ta tsayar da shi. Har yanzu tana zuwa duk Juma'a, sai dai yanzu ni nake mata karatu, babi guda kowane zuwa, ita kuma ta biya ni da baitoci. Ranar da na fara ganin fuskarta da sabon idona na tarar ba ta kai ni shekaru ba, ni da nake ta ce mata Iya. Na gaya mata, ta ce in bar shi haka, ta saba. Makon jiya na karanta mata inda mai takaba take zaune a ɗaki ta leƙa ta taga ta ga hadari ya haɗo daga gabas. Ta ɗaga hannu ta ce in tsaya.

"Hajiya, ba na ce miki za ki manta ba? Matar da ta yi wata uku a ɗaki ba ta buƙatar taga. Tun kafin hadari ya haɗu ƙofar katako take fara ƙin rufuwa."

Na tashi na je na taɓa ƙofar ɗakin Malam. Na kira masu bugawa na ce su ƙara mini mako uku, akwai babi huɗu da zan sake bi.